Keken jarirai: na yayi zan saya ko wanda zai yi mini aiki?

"Assalamu alaikum Anti. Cikina na fari ne, wata bakwai. Ƙawayena biyu da suka haihu bara duk keke iri ɗaya suka saya, babba mai manyan tayoyi da marikin fata, kuma yayar mijina ta ce in dai ba irinsa ba to kada ma a sayo, wai idon mutane yana kan ɗan fari. Kuɗinsa ya kusa cinye duk abin da muka ware wa kayan jariri. Muna zaune a hawa na biyu, babu lifta, motarmu ƙarama ce, hanyar gidanmu kuma rabi kwalta rabi ramuka. Shin tsadar nan inganci ce ko suna ne kawai? Me ya kamata in duba?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raba lafiya, ya kawo mai albarka. Na karanta tambayarki sau biyu, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da kika jefo kusa da ƙarshe kamar ba ta da muhimmanci: hawa na biyu, babu lifta, ƙaramar mota, hanya mai ramuka. Rabin amsarki yana nan. Sauran rabin yana jikin jaririn da za a kwantar a ciki. Ƙawaye da yayar miji za mu zo kansu, amma su ne ƙarshen layi, tunda ba su za su kinkimi keken su hau bene da shi ba.

Don ki san daga inda nake magana: shekara 11 ke nan ina sayar da kekunan yara, sababbi da na hannu, ina kuma karɓar gyaransu, kuma na tura 'ya'yana uku a cikinsu. Gyaran ya fi sayarwar koya mini abubuwa. Mai saye tana zuwa ne da buri, mai kawo gyara kuwa da gaskiyar abin da ya faru take zuwa. In na fahimce ki, abu biyu kike tambaya. Na farko, ko kuɗin da ake zubawa a keken yayi yana sayen wani abu da jariri zai amfana da shi. Na biyu, in kin ƙi bin yayin, da wane ma'auni za ki zaɓa don kada ki yi da-na-sani.

Yayin nan ba yau ya fara ba

Keken jarirai da nuna isa tare aka haife su. Wanda ake yawan ambata a matsayin na farko, wani mai zanen gine-gine da lambuna ne a Ingila, William Kent, ya ƙera shi a 1733 don 'ya'yan basaraken Devonshire. Siffar kwanson kifin teku aka yi masa, kuma ba uwa ce ke turawa ba, akuya ko ɗan ƙaramin doki ne ke ja. Abin wasan gidan sarauta ne. Kamfanin Silver Cross da aka kafa a Leeds a 1877 ya yi suna ne da manyan kekuna masu dogayen tayoyi, irin waɗanda gidan sarautar Ingila ya riƙa amfani da su. Suna da kyau, jariri yana kwanciya cikinsu sosai, amma an yi su ne don gidan da ke da fili da mai aiki da shimfiɗaɗɗiyar hanya.

Ɗaya zuriyar kuma daga masu neman sauƙi ta fito. A 1889 wani baƙar fata ɗan Amurka, William Richardson, ya yi rajistar keken da ake iya juya makwancinsa ya fuskanci mai turawa ko ya kalli gaba, tayoyinsa kuma kowace tana juyawa da kanta don a iya shan kwana a ƙaramin wuri. A 1965 Owen Maclaren, injiniyan jiragen sama da ya yi ritaya, ya ga wahalar da 'yarsa ke sha da ƙaton keken jikarsa a tafiya, sai ya ƙera wani da sandunan alminiyum wanda ake naɗewa kamar laima, nauyinsa bai kai kilo 3 ba. Wannan ne ya buɗe wa iyaye hanyar shiga motar haya da jirgi da keke a hannu ɗaya, yaro a ɗayan.

Abin da kike gani a wurin ƙawayenki gaurayen zuriyoyin nan biyu ne. Kamfanin Bugaboo na ƙasar Holan ya fara sayar da kekunansa a 1999, kuma bayan ɗaya daga cikinsu ya bayyana a wani shirin talabijin na Amurka a 2002, sai keken jarirai ya shiga sahun jaka da takalmi da agogo, abin da ake kallon tambarinsa kafin a kalli aikinsa. Yanzu kuma hotunan Instagram da TikTok sun ƙara wa abin wuta. Dalilin a fili yake: gadon jariri yana ɗaki, ba mai ganinsa, keke kuwa shi ne kayan jariri guda da ke fita titi tare da uwa. Shi ya sa ya fi sauran kaya ɗaukar nauyin kece raini.

Me kuɗin yake saye?

Ba zan yi miki ƙarya in ce duk tsada banza ce ba. Na kwance kekuna masu tsada da masu araha a kan teburi ɗaya, akwai bambanci. Mai kyau za ki samu boris na gaske a cikin tayoyinsa, don haka yana tafiya da hannu ɗaya ba ya karkata gefe. Mahaɗan da yake naɗewa ta wurinsu ba sa yin sako-sako bayan wata shida. Sifirin ɗinsa yana shanye girgiza. Yadinsa yana jure rana da wanki. Abu mafi daraja a wurina, ana samun kayan gyaransa: taya ta lalace, a sayo taya, ba a jefar da keken gaba ɗaya. Mai arahar gaske kuwa, wanda ba shi da suna ba shi da takarda, shi ne ake cewa araha ba ta ado. Roba ce ke gogar roba a cikin tayar, wata uku ta fara kuka, wata shida ta fara rawa.

Amma ingancin nan yana da iyaka, kuma kekuna masu matsakaicin kuɗi da yawa sun riga sun kai iyakar. Abin da ke sama da nan, marikin fata ne, da kalar shekarar nan, da ƙarfe mai ruwan zinare, da tambari. Waɗannan na mai kallo ne. Jariri bai san fata ba, bai san tambari ba. Abin da jikinsa ya sani shi ne ko bayansa a miƙe yake, ko akwai iska, ko ana jijjiga shi.

Kada kuma ki ɗauka babban suna lamuni ne. A watan Nuwamban 2009 an janye kekunan Maclaren kimanin miliyan ɗaya a Amurka, bayan rahoton yara 12 da mahaɗar naɗewa ta datse musu kan yatsa. Kamfanin ya raba murfin da ke rufe mahaɗar. Na kawo wannan ne don ki san cewa kowane keke, komai sunansa, sai an duba shi da ido da hannu, kuma ba a buɗe shi ko naɗe shi yaro yana tsaye a jikinsa.

Abin da ba a ciniki a kansa

Na farko shi ne kwanciya. Sabon jariri kansa ya yi wa wuyansa nauyi, kuma ba ya iya riƙe shi sosai sai wajen wata 4 zuwa 6. In aka kishingiɗar da shi rabi zaune, kan yana iya faɗowa gaba, haɓa ta manne da ƙirji, hanyar numfashi ta matse, kuma wannan yana faruwa ne shiru, ba kuka ba motsi. Saboda haka daga haihuwa zuwa lokacin da zai iya zama da kansa, wajen wata 6, dole ya kwanta a shimfiɗe a kan bayansa. Hanya biyu ce: ko keke mai kwandon kwanciya da ake ɗorawa a cire, ko kujerar da ke kwantawa sosai. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 1888 ta ce kujerar da za a sa sabon jariri sai ta buɗe aƙalla digiri 150 tsakanin mazauni da majingina. Ni dai na fi natsuwa da wadda ta kwanta gaba ɗaya ko ta kusa. Ki kwantar da ita da hannunki a gaban mai sayarwa, ki durƙusa ki kalle ta ta gefe. Rubutun "daga haihuwa" a jikin kwali bai isa ba.

Nan ne zan ja kunnenki a kan abin da aka fi tallatawa, wato keken da ake cire kujerar mota ta jarirai a maƙala masa. Yana da daɗi ƙwarai, yaro yana barci a mota, ki ɗauke shi da kujerar ki ɗora, bai farka ba. Don shiga asibiti ko shago na 'yan mintuna, babu laifi. Amma kujerar mota an yi ta ne don kare yaro a lokacin haɗari, siffarta a lanƙwashe take, ba makwanci ba ce. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada jariri ya wuce awa 2 a cikinta a jere, sabon haihuwa ma ƙasa da haka. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce in jariri ya yi barci a kujerar mota ko keke, a mayar da shi shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri da zarar an samu dama. Na ga iyaye da yawa sun mayar da kujerar mota keken yini guda saboda a hoto haka ake yi.

Na biyu, bel mai reshe biyar: biyu ta kafaɗu, biyu ta ƙugu, ɗaya ta tsakanin ƙafafu. Kuma a riƙa ɗaura shi kowane lokaci, ko da daga ƙofa zuwa mota ne. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2016 ya gano cewa tsakanin 1990 da 2010 yara kusan 361,000 'yan shekara 5 zuwa ƙasa aka kai sashen gaggawa saboda rauni daga keke ko abin ɗaukar jarirai, wato kimanin biyu a kowace awa. A raunukan keke, kusan biyu cikin uku faɗowa ce, sai kifewar keken, kuma kai da fuska ne suka fi jin jiki. Da yawa daga cikin waɗannan bel da aka ɗaura zai hana su. Saboda haka ki gwada maɓallin bel ɗin: in yana ba ki wahala a shago, a gida za ki daina ɗaurawa.

Na uku, birki da daidaito. Birki ya kulle tayoyin baya duka biyu, kuma ki iya taka shi ki sake shi ko da silifas ne a ƙafarki; akwai waɗanda sai kin ɗaga da saman yatsu, suna ji wa ƙafa ciwo. Ki taka shi, ki tura keken da ƙarfi, ki ga ko zai ja. A Ostareliya doka ta wajabta a yi wa matakin birki jar kala, a kuma sa igiyar da mai turawa zai zura a wuyan hannu, bayan kekuna sun sha suɓucewa a gangara. In keken da kika zaɓa ba shi da igiyar, ki sa masa. Daidaito kuma, ki danna marikin ƙasa da yatsu biyu. In gaban ya ɗaga nan take, to ranar da kika rataya jaka a nan zai kifa baya da yaron. Kaya a kwandon ƙasa ake sa su.

Ki nemi alamar ƙa'ida a jikin ƙarfen ko yadin: EN 1888 ta Turai, ASTM F833 ta Amurka, ko AS 2088 ta Ostareliya. A nan za ki ga iyakar nauyin yaro, yawanci kilo 15 ko 22. Keken da ba shi da sunan mai ƙerawa, ba lamba, ba littafin bayani, ni ba na karɓarsa ko kyauta ne.

Benenki, motarki, hanyarki

Yanzu mu zo gidanki, don nan ne maganar ta fi nauyi. Babban keke irin na ƙawayenki, in an ɗora masa kwandon kwanciya, yakan kai kilo 12 zuwa 15. Jariri yakan zo da kilo 3 zuwa 3 da rabi, ya ninka wajen wata 5, ya kusa kilo 10 a shekara ɗaya. Ba a hawa ko sauka bene da yaro a cikin keke, duk littafin bayani zai faɗa miki haka. Ke nan kowace fita sahu biyu ce: ki sauko da keke, ki koma ki ɗauko yaro da jaka, ko kuma akasin haka, kuma a kowanne akwai lokacin da ɗayansu yake shi kaɗai. In aka yi miki tiyata wajen haihuwa, makonni kusan 6 na farko za a hana ki ɗaukar abin da ya fi jaririn nauyi. Ki yi wannan lissafin yanzu, kina zaune, kafin jiki ya yi miki shi.

Na taɓa sayar wa wata mata irin wannan keke, ni da kaina na yaba mata shi, don a lokacin ban fara tambayar mutane yadda gidansu yake ba. Bayan wata 8 ta dawo mini da shi in sayar mata, gashin robar da ke kan sabuwar taya ma bai goge ba. Ta ce sau huɗu ya taɓa sauka ƙasa. Tun ranar, kafin in nuna wa mace keke sai na tambaye ta matakala nawa ke tsakaninta da titi. Yawancin kekunan hannu masu kyau da nake samu haka suke zuwa: ba lalacewa suka yi ba, nauyi ne ya hana su fita.

Sai dai hanyarki tana jan igiyar ta ɗaya ɓangaren, kuma nan ne matsalarki ta gaske. Bene yana son keke marar nauyi, ramuka suna son manyan tayoyi, kuma babu keken da ya haɗa biyun cikakke, duk abin da talla za ta ce. Ƙananan kekunan tafiya masu kilo 6 zuwa 7, waɗanda ke naɗewa har su shiga ma'ajiyar saman kujera a jirgi, tayoyinsu ƙanana ne. A kan kwalta ko tayil kamar ruwa suke, amma tsakuwa ɗaya tana tsayar da su, a yashi kuma nutsewa suke, girgizar duk tana tafiya jikin yaro. Manyan tayoyi masu iska su ne suka fi laushi, amma suna faci, suna son famfo. Akwai na tsakiya, tayoyin da aka cika da roba mai laushi: ba sa faci, sun ɗan fi na iska tauri, kuma su nake ba mafi yawan mutane shawara. Ki tabbata tayoyin gaba suna juyawa don kwana, kuma ana iya kulle su su tsaya cak, don a hanya mai gargada tayar da ke juyawa karkarwa take yi. Masu taya uku da aka yi don gudu, waɗanda suka fara fitowa a 1984, ki bar su: dogaye ne, suna cin wuri, kuma ba a gudu da jariri sai ya wuce wata 6 zuwa 8.

Da ni ce ke, tambaya ɗaya zan fara warwarewa: shin akwai inda zan ajiye keken a ƙasa? Ƙarƙashin matakala mai kulle, ɗakin ajiya, ko but ɗin mota. In akwai, matsalar bene ta faɗi, sai ki zaɓi matsakaici mai kilo 9 zuwa 11, tayoyin baya manya, kujera mai kwantawa gaba ɗaya, ki riƙa saukowa da yaro a jikinki. In babu, nauyi ne zai yi hukunci: ki nemi mai kilo 7 zuwa 8 da ke kwantawa sosai, mai igiyar ratayawa a kafaɗa, wanda ke tsayawa da kansa in an naɗe, ki haƙura da cewa a wurin ramuka sannu za ki bi, ki ɗan danna mariki ki ɗaga gaba ki tsallake.

Akwai hanya ta uku da mutane ke raina ta amma takan fi kowace: saye a zango biyu. Kwandon kwanciya wata 5 ko 6 kawai yake aiki, daga nan yaro ya fara ɗagowa, ya zama kayan ajiya. Za ki iya aron wannan zangon ko ki saye shi na hannu, sannan in yaro ya iya zama ki sayi ƙaramin keke mai inganci wanda zai kai shi shekara 3. Mafi yawan masu manyan kekuna ma a nan suke ƙarewa. Kafin yaro ya shekara sun sayi ƙarami na biyu, babban yana jingine a lungu.

Motar kuma ba a yi mata kintace. Ki ɗauki tef ki auna but ɗin: faɗin bakinsa, zurfi, tsawo. Ki auna ƙofar gidanki da kwanar matakala. Kekunan yaro ɗaya faɗinsu yakan kama daga santimita 45 zuwa 65. Wasu manyan sai an cire kujera, wani lokaci har da tayoyin baya, kafin su shiga ƙaramar mota, kuma in sun shiga babu sauran wurin kayan cefane. Ki yi tunanin yin haka a tsakar rana, yaro yana tsala kuka a kujerar baya.

Ranar sayayya

Kada ki saya daga hoto. In ma ta intanet za ki yi oda, ki fara taɓa irinsa a shago ko wurin wata. Ki tafi da mijinki, don shi ma zai tura. In tsawonku ya bambanta sosai, ku nemi mariki mai ɗagawa da saukewa, kuma dogon ya yi taku mai faɗi ya ga ko ƙafarsa tana bugun sandar baya. Keke babu kowa a ciki kowanne mai daɗin turawa ne, don haka ki sa masa nauyi, ko jaka mai kilo 8 zuwa 10, sannan ki tura da hannu ɗaya ki sha kwana. Ki naɗe shi da kanki sau uku ba tare da mai shago ya taɓa ba. Masu sayarwa sun naɗe shi sau dubu, a hannunsu komai sauƙi ne. Ki rungumi jakarki a ɗaya hannun kamar jariri ki sake gwadawa. Sannan ki ɗaga shi a naɗe ki yi taku ashirin. Da cikin nan naki ki bar ɗagawar wa mijinki, amma ki tambaye shi gaskiya.

Ki duba ko yadin yana cirewa a wanke, don tumbuɗi da fitsari da madara duk nan za su sauka. Ki duba ko hannu yana shiga kwandon ƙasa in an kwantar da kujera. Da yawa suna toshewa daidai lokacin da kike buƙatarsu. In kujerar tana juyowa ta fuskance ki, ƙari ne mai amfani a watannin farko: kina ganin fuskarsa da numfashinsa, kuma wani nazari da aka yi a Jami'ar Dundee a 2008 ya lura cewa iyaye sun ninka yi wa jarirai magana in suna fuskantar juna. Amma kujera mai juyawa tana ƙara nauyi, kuma a halinki ba zan sa ta gaban nauyi ba.

Na hannu ba abin kunya ba ne, sau da yawa ma nan ake samun ingancin babban suna ba tare da an biya kuɗin yayinsa ba. Abin dubawa: tsaga a jikin roba kusa da mahaɗai, ƙarfe da ya lanƙwashe, bel da ya zare ko maɓallin da ba ya kamawa da ƙara, birki da haƙoransa suka cinye, da baƙin ɗigon ruɓa a yadi, wanda ba ya fita. Ki sa lambar samfurin a intanet ki ga ko an taɓa janye shi daga kasuwa. Katifar kwandon ki sayi sabuwa daidai girmansa, mai tauri. Kujerar mota kuwa daban ce: ita ba na son a saye ta na hannu sai daga wanda kika tabbata bai taɓa haɗari da ita ba, don lahaninta ba ya nunawa a ido.

Abu ɗaya da ba a faɗa a shago: rumfa da iska sun fi kala muhimmanci. Ki nemi rumfa mai saukowa sosai, mai tagar raga. Kada ki lulluɓe keke da mayafi ko bargo don kare rana, ko da marar kauri ne, yana tare zafi a ciki, kuma ba kya ganin yaron. Masu bincike a Jami'ar Sydney sun auna a 2023 suka ga busasshen lulluɓi yana ƙara zafin cikin keke da kusan digiri 4. Baƙin yadi da ake yayi yana kyau a hoto, amma ki taɓa shi bayan minti goma a rana.

Sai yayar miji

Ba na raina wannan ɓangaren. Ɗan fari na dangi ne gaba ɗaya, kuma mai cewa a sayi babba yawanci ƙauna ce take nunawa da harshen da ta iya. Ba sai an yi musu ba. Ki gayyace ta, ku ari keken ɗaya daga cikin ƙawayen nan na yini guda, ki roƙe ta ta taya ki hawa da shi, sannan ku gwada sa shi a but. Na sha ba da wannan shawara, kuma matakala ta fi ni iya bayani. In har tana son ta yi wa yaron abin a zo a gani, ga kujerar mota sabuwa mai inganci da katifar gado mai kyau, nan ne kuɗi ke sayen lafiya kai tsaye. Su kuma ƙawayen, ki tambaye su a keɓe, kowacce ita kaɗai, sau nawa suka fita da keken a makon da ya wuce, da abin da ke ba su haushi a jikinsa. Mai yiwuwa gidajensu a ƙasa suke, motocinsu manya, keken ya dace da su ɗari bisa ɗari. In kuma son ranki ne ke, kina da hali, kin ga zai shiga rayuwarki, ki saya babu laifi. Son abu mai kyau ba aibi ba ne. Abin da ba zan so ba shi ne ya cinye kuɗin kujerar mota da na asibiti.

Ni mai sayarwa da gyara ce, ba likita ba. In jaririn ya zo bakwaini, ko bai cika nauyi ba, ko yana da matsalar numfashi ko ta ƙugu, maganar yadda za a kwantar da shi da tsawon zamansa a kujerar mota ta likitansa ce, ita ke gaba da duk abin da na faɗa. Ban kuma ambata miki wani samfuri ba da gangan, don kamfanoni suna canza ƙira kusan kowace shekara, suna ɗaya yana iya zama keke biyu mabambanta, kuma ban ga matakalarki da idona ba. Kina da saura wata biyu, kuma makonnin farko bayan haihuwa ba za ki yi yawan fita ba, don haka ko an haihu keken bai iso ba babu abin da ya ɓaci. Kujerar mota ce ya kamata ta riga shi zuwa. A makon nan ki auna but da ƙofa, ki ƙirga matakala, ki nemi wurin ajiya a ƙasa. In kin samu lambobin ki turo mini, tare da nauyi da girman naɗewar kekuna biyu ko uku da suka kwanta miki, mu tace su tare.